Mai Sanyi Ya Shiga Aiki

Wata biyar da binne ɗanta, wayarsa ta yi ƙara.

Inna tana durƙushe a bakin famfo tana ɗauraye kofuna ta ji shi daga ɗaki, ɗan gajeren sauti, ƙil, kamar an taɓa gilashi da cokali. Kofin ya suɓuce mata. Wayar tana cikin kwano a saman firij, inda ta ajiye ta tun ranar da aka kawo mata kayansa a leda: takalmi, agogo, sukuddireba, da ita. Inna ba ta karatu, ba ta ma san inda ake dannawa ba, amma duk bayan kwana uku sai ta sa ta a caji, don ba za ta zauna tana kallo ita ma ta mutu ba. Wata biyar babu wanda ya kira. Yau ga fuskar wayar ta kawo haske, da layi biyu na rubutu.

Washegari ma haka, ƙarfe takwas da 'yan mintuna. Kwana na uku ma haka. Ranar da ba a zuwa aiki kuwa sai ta yi shiru, kamar mai hutu.

"Ke 'yar nan, zo ki duba mini," ta ce wa matar ɗanta da yamma, bayan ta dawo daga sabon aikin da ta fara a satin.

"Talla ce, Inna. Kamfanin waya ne." Ko karɓar wayar ba ta yi ba, ta wuce ɗakinta.

Ɗan nata mai gyaran firij ne, shi ya sa duk layin ke ce masa Mai Sanyi. Shekara goma sha shida yana wannan sana'a a shago mai ƙofar kwano, tsakanin mai faci da mai walda. Yakan ɗora bakin sukuddireba a kan kwampreso, injin da ke bayan firij, ya manna ƙotar a kunne, ya gaya maka ciwon firij ɗinka kafin ka gama gaisuwa. Matarsa takan zauna masa a shago, ta riƙe fitila, ta miƙa kayan aiki, har hannunta ya faɗa, ta koma ita ke haɗa masa ƙananan wayoyin wuta da yatsunsa suka yi wa kauri. Da wasa ya fara ce mata Injiniya, sunan ya bi ta.

Sai ga mutanen jami'a da mota da lasifika. Wai an ba su tallafi daga waje, za su koyar da wani sabon ilimi, kwantum suke ce masa, kuma masu ba da tallafin sun kafa sharaɗi: sai an horar da masu sana'ar hannu arba'in daga yankin, masu wuta, masu walda, masu gyaran firij, don in masana'antun da ake ta alkawari sun zo su tarar da ma'aikata a gida. Mai Sanyi ya ba da sunansa. Maƙwabcinsa mai walda ma ya bayar.

"Inna, firij ne fa," ya ce mata ranar farko, yana cin abinci a tsaye don ɗoki. "Amma sanyinsa ya wuce duk wanda kika sani. A can cikinsa akwai wani abu kamar farce, shi ke lissafi. In ya ji ɗumi kaɗan sai ya rikice."

"Duk wannan ginin don farce?"

"Farce mai kai, Inna."

"To ka ce su ba ka aron sanyin, nawa firij ɗin tun bara yake zuba. Mai gyaran firij, na uwarsa sai da tsumma a ƙasa."

Ya yi dariya har ya ƙware.

Sati bakwai ya yi yana zuwa. A na takwas aka kawo shi a motar jami'a, da takardar likita wai zuciya ce ta tsaya. Namiji ɗan shekara talatin da takwas, wanda ke ɗaga firij shi kaɗai ya ɗora a mota. Babu rauni a jikinsa, ko ƙwarzane. Inna ta haɗiye maganar, ba don ta yarda ba, sai don ba ta da wata.

Gaskiyar a bakin mai sharar ginin ta fito. Dattijuwa ce, ta zo gaisuwa bayan kowa ya daina zuwa, ta zauna a gefen tabarma ta ƙi shan ruwa. Ta ce injin nan yana shan wani ruwa mai tsananin sanyi, a tulun ƙarfe ake kawo shi, mai tayoyi, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum. Ranar aka ce Mai Sanyi ya kai tulu hawa na huɗu. Ya tura shi cikin lif, ya shiga da shi.

"To da fa?" in ji Inna. "A ina kika taɓa ganin mai firij ya sa kaya a mota ya bar su su kaɗai?" Haka ubangidansa ya koya masa tun yana saurayi: kayan sanyi a tsaye suke tafiya, kai kuma kana bayan mota ka rungume su, kar su karkata. In sun karkata sun lalace, kuma kunyar taka ce.

"Shi ne ai, Yaya. Wannan ba a shiga da shi. Shi kaɗai ake turawa, mutum ya bi bene ya tare shi a sama."

Ruwan, in ji ta, kullum yana huci. Hucin ba wari, ba launi, sai dai ya kori iskar da mutum ke shaƙa. A fili ba komai ba ne. Suna tsakanin hawa na biyu da na uku aka ɗauke wuta, lif ya tsaya da girgiza, tulun ya ƙara huci, janareta ya ƙi tashi. Kusan awa guda.

"Da aka buɗe ina wurin da bokitina. A zaune yake, ya jingina da bango, hannunsa ɗaya riƙe da tulun kar ya faɗi. Kamar mai barci."

Babu wanda ya gaya masa. Darasin kiyaye haɗari yana zango na biyu a jadawalinsu. Sati guda bayan nan aka zo da jan fenti aka rubuta gargaɗi a ƙofar lif.

Sau uku Inna ta je jami'a. Mai gadi ya tura ta ofishin ma'aikata, suka ce ba ma'aikaci ba ne. Ofishin ɗalibai suka ce ba ɗalibi ba ne. Wata yarinya mai jan farce ta ce ta je ta rubuto. Ta rubuto! Da wane hannun? Abu ɗaya take nema, bai fi ƙarfin alƙalami ba: a yage takardar zuciyar nan, a rubuta abin da ya kashe shi da inda ya kashe shi.

Ana cikin haka wayar ta fara ƙara. Da ta yi kwana tara, Inna ta ƙulle ta a bakin zani ta kai wa mai gyaran waya na bakin titi. Ya danna, ya karanta, ya ɗago ya dube ta, ya sake karantawa. Ya san Mai Sanyi, da shi aka kai shi makwancinsa.

"Karanta mana, ka tsaya kana kallona kamar na zo maka da maciji."

"Inna, daga jami'a ne. Wai ya shiga aiki. Ƙarfe takwas da minti huɗu. Jiya ma ya shiga. Duk kwanakin nan ya shiga."

"Wa?"

Ya faɗi sunan, cikakke, har da na uba.

Ba ta san yadda ƙafafunta suka kai ta gida ba. Da idonta ta ga an fita da shi. Amma ta yini a bakin gado tana ganinsa yana tura tulun nan a dogon baranda, ya kai, a ce masa saura ɗaya, ya koma.

Washegari ta bari Injiniya ta fita, ta bi bayanta a mota ta gaba, har jami'a. Ginin fari ne, hawa biyar, gaban duk gilashi. Inna ta laɓe a bayan wata bishiya, wayar a hannunta. Masu ɗaukar horo suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya manna kati a jikin ƙofa, wani ɗan allo a sama ya nuna fuskarsa, ƙofa ta buɗe. Ga mai walda ya wuce. Ga wasu da ba ta sani ba. Sai ga Injiniya, wadda ta ce mata aikin ɗakin shayi aka ba ta don tausayi. Ta ciro kati daga wuyan rigarta, ta manna.

Fuskar Mai Sanyi ta fito a saman ƙofa, da ɗan gemunsa, da kunnensa na hagu da ya fi na dama tashi. Wayar ta yi ƙil a tafin hannun Inna.

Da yamma ta jira ta a tsakar gida.

"Yaya ɗakin shayi?"

"Lafiya lau, Inna."

"Shayin da fuskar mijinki ake dafa shi?"

Injiniya ta ajiye jaka a hankali. Ba ta yi musu ba. Ta ce sunaye arba'in aka aika wa masu tallafi, an rufe, ba a cirewa ba a sakawa. In aka ce ɗaya ya mutu a cikin ginin, za su dakatar da komai su zo bincike, wataƙila ma su kwashe tallafin su kai wata jami'a. Dokta, shugaban shirin, sai ya rubuta cewa Mai Sanyi yana jinya. Da jinyar ta yi tsawo har ta fara jawo tambaya, sai ya zo mata da shawara: ta shiga da katinsa, ta yi karatun, in an gama a san yadda za a yi da suna a takardar shaida.

"A san yadda za a yi! Su da suka kasa gyara takarda ɗaya."

"Inna, na iya aikin. Wallahi na iya. Akwai wayoyin wuta a cikin injin nan da gashin kanki ya fi su kauri, ni kaɗai ke haɗa su ba su tsinke. Shekaranjiya ni na gano inda yake yoyo, masu digiri sun yi kwana biyu suna nema. Saura wata huɗu."

"Da sunan gawa."

"Da sunan mijina."

"Ɗana ne kafin ya zama mijinki! Na binne shi, ku kun tono shi kuna tura shi aiki kullum ƙarfe takwas. Ya yi musu aiki da rai, yanzu kuma ba rai. Yaushe zai kwanta?"

Injiniya ta zauna a ƙasa, ta jingina da bango. Da ta yi magana, muryarta ta yi ƙasa.

"Kin san ba ni da hotonsa ko ɗaya? Ba ya yarda a ɗauke shi. In na manna katin nan sai ya leƙo ta saman ƙofa ya dube ni, kafin ƙofar ta buɗe. Nakan ce masa ina kwana."

Ranar babu wadda ta ɗora tukunya.

Da Inna ta koma ginin, mai shara ce ta shigar da ita ta ƙofar baya, ta ce ofishin Dokta yana hawa na huɗu. Inna ta ga lif ɗin da jan rubutunsa. Ta kawar da kai ta kama bene. Tun daga hawa na biyu ta fara jin wani sauti daga sama, cif, cif, cif, ba ya sauri ba ya tsayawa, kamar mutum yana numfashi ta tsakanin haƙora. Injin ne. Ta dafa bango ta ci gaba da hawa.

A kwanar hawa na uku ta cimma wani ƙaton mutum rungume da takardu, ya tsaya yana haki, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa.

"Kai ne Dokta?"

"Ni ne, Mama. Wa ake nema?"

"Ga lif can yana zaman banza, kai da wannan tumbin kana hawa bene?"

Ya dube ta da kyau. Kunnenta ya kalla, na hagu, sai ta ga ya gane. Ya zauna a kan matakala, ya ajiye takardun.

"Tun ranar ban sake shigarsa ba," ya ce.

Bai yi mata wayo ba, wannan kam za ta shaide shi. Ya ce shekara shida yana rubuta takardar neman tallafin nan, sau uku ana watsa masa ƙasa a ido. Yankin nan ba a kawo masa komai, duk yaron da ya yi ƙoƙari tafiya yake ba ya dawowa. Na'urar da ke ƙara in iska ta ragu a ɗaki, ya nema, amma tana cikin kashi na biyu na kayan. Jadawalin kuwa shi ya tsara.

"Ni na kai darasin zango na biyu. Na ɗauka masu sana'a ne, sun san gas."

"Ya san gas. Mai wari, mai kumfa in an shafa sabulu. Naku munafuki ne, irinku."

"Haka ne, Mama."

"Ka faɗa mini a bene. Rubuta."

"In na rubuta, ginin nan ya mutu. Mutum arba'in."

"Talatin da tara."

"Da matar ɗanki arba'in." Ya share goshi. "Ki ba ni wata huɗu. Ranar da suka karɓi takardunsu, da hannuna zan rubuta miki."

"Ranar da ka sa hannu ya gama karatu, ta yaya za ka sake sa hannu ya mutu wata goma baya? Ban yi boko ba, ɗan nan, amma ba a goye nake ba."

Sautin nan yana ta zuwa daga sama, cif, cif. Inna ta juya ta fara sauka, tana dafa bango.

A ƙofar baya mai shara ta raɗa mata cewa goge-gogen da ake ta yi na baƙuwa ne: ranar Alhamis wakiliyar masu tallafi za ta zo duba aiki, an ma gayyaci iyalan masu ɗaukar horo. Injiniya ta san Inna ta sani. Ba ta roƙe ta ba. Ranar Laraba ta wanke farar rigar aikinta, ta goge ta har sau biyu, ta rataye a ƙusa. Inna tana kallonta ta labule. Yarinyar nan ta riƙe mata ɗa shekara goma sha ɗaya, ba ta taɓa ɗaga mata murya ba. Wata huɗu mene ne? Ta ce wa ranta ba za ta je ba. Da gari ya waye ta ce za ta je, amma kallo kawai, bakinta a rufe.

An jera kujeru a babban zaure. Masu ɗaukar horo a gaba cikin fararen riguna, iyalai a baya. Inna ta saje da su ta zauna a ƙarshen layi. Wakiliyar mace ce siririya mai furfura, ba ta jin Hausa, ta zo da tafintanta, wani dogo mai gilashi. Aka yi jawabi, aka yi tafi, aka sake jawabi. Wani babba a jami'a ya ce nan da shekara goma yankin nan zai zama abin kwatance. Inna ta riƙe bakinta da gefen mayafi.

Sai wakiliyar ta buɗe wani littafi mai sheƙi, ta ɗaga shafi ɗaya sama. Daga nesa Inna ta gane gemun. Tafinta ya ce baƙuwa tana son ganin wannan mutumin, mai gyaran firij da ke jin ciwon inji da kunnensa. Labarinsa, wai, an karanta shi a taronsu, yana cikin abin da ya sa suka amince a ci gaba. Yana ina?

Kawuna suka sunkuya a layin gaba. Dokta ya miƙe, ya gyara murya, ya faɗa cikin harshen baƙuwar, sannan ya maimaita da Hausa don iyalai.

"Yau bai samu zuwa ba. Mun tura shi wani aiki."

Da a ce ba ya nan kawai ya ce, da Inna ta haɗiye. Allah ya sani da ta haɗiye.

"Wane aiki?"

Ba ta san ta miƙe ba sai da ta ji muryarta ta dawo mata daga bango. Kowa ya waiwayo, ban da Injiniya.

"Na ce wane aiki kuka tura shi? Ni ce uwarsa. Kai mai gilashi, juya mata, kar ka rage ko kalma ɗaya, ina kallon bakinka. Ka ce ɗana ya mutu wata shida da suka wuce a lif ɗin ginin nan, da tulunsu a hannunsa. Ka ce ba su koya masa ba, sai da ya mutu suka sayi fenti. Ka ce sun rubuta zuciya. Zuciyarsa lafiyarta ƙalau, ni na haife ta. Ka ce kullum da safe suna aiko mini wai ya shiga aiki, shi kuwa yana ƙasa, in tana so in kai ta ta gani."

Mai gadi ya taso. Tafinta ya dubi Dokta. Dokta ya koma ya zauna, ya ɗora hannu biyu a gwiwa, ya gyaɗa wa tafinta kai. Tafinta ya fara juyawa, a hankali, jimla bayan jimla, Inna tana tsaye tana kallon bakinsa kamar yadda ta ce. Wakiliyar ta rufe littafin. Ta yi tambaya ɗaya, tafinta ya juyo da ita: to wa ke shiga da katinsa?

Sai Injiniya ta miƙe daga layi na biyu. Ta cire igiyar katin daga wuyanta, ta je ta ajiye a teburin baƙuwar. Ta cire farar rigar, ta ninke ta daidai, ta ɗora a kan kujerarta. Ta bi ta tsakiyar zauren ta fita, ta wuce Inna da taku ɗaya tsakaninsu, ba ta dube ta ba.

Sati biyu bayan nan aka sa sarƙa a ƙofar gilashi. Aka kafa kwamiti. Yanzu kam an san Inna: aka aiko mata mota, aka ba ta kujera mai laushi da ruwan gora, yarinyar nan mai jan farce har da rusunawa. Dokta ya faɗi komai, bai ɓoye ko ɗaya ba, aka sauke shi. Aka ce an dakatar da tallafin, daga baya aka ce an mayar da shi wata jami'a mai nisa. Aka kashe injin. Mai shara ta ce kwana da kwanaki ya yi yana hucewa, yana ɗigar ruwa a ƙasa, tana gogewa, da ya bushe ita ma aka ce ta zauna a gida sai an neme ta.

Takardar da Inna ke nema ta zo bayan wata uku, a farar ambulan, da hatimi. Inna ta tarar da Injiniya tana ɗaure kaya, za ta koma wurin yayanta a wani gari. Ba faɗa suka yi ba. Tun ranar zauren suke gaisawa da safe, su ci abinci, kowa ya kama ɗakinsa.

"Karanta mini kafin ki tafi."

Injiniya ta karanta a tsaye, da mayafinta a kafaɗa. Layi shida ne.

"Akwai lif?"

"Akwai."

"Akwai tulu?"

"Akwai. Akwai cewa ba a koya masa ba. Akwai cewa takardar farko kuskure ce."

"Kuskure. To. Sake karantawa."

Ta sake, da murya ɗaya, ba hawa ba sauka. Ta ninke ta miƙa mata.

"Shi ke nan, Inna. Ya kwanta."

Ta durƙusa ta yi mata sallama yadda ya kamata, ta ɗauki jaka biyu. Inna ta raka ta bakin ƙofa. Mai mota yana ta danna ham.

Gidan ya yi wa Inna faɗi. Ta zauna da takardar a cinya, ta shafa hatimin da yatsa. Abu irin wannan ai ba a samunsa a zauna da shi a ɗaki. Ta yafa mayafi ta fita layin shaguna. Na Mai Sanyi a rufe, ƙura ta cika bakin ƙofar. A gefensa mai walda ya koma tsohon aikinsa, yana durƙushe a kan wata ƙofar gida, wuta tana tartsatsi. Wata uku rabon da ya gaishe ta.

Ta tsaya a kansa har ya kashe wutar. Ya ɗaga baƙin gilashin daga fuskarsa.

"Ga ta," ta ce, ta buɗe takardar a gabansa. "An rubuta. Ba zuciya ba ce. A lif ya mutu, da tulunsu."

Bai kalli takardar ba.

"Mun sani, Inna."

"Yanzu kuka sani. Sai da na tsaya a gaban duniya."

"Tun ranar muka sani. Dukanmu muna wurin." Ya nuna ƙarfen da ke hannunsa. "Ni na yanka ƙofar lif ɗin. Ni na ɗauko shi."

Inna ta dube shi. Mutumin nan kwana uku ya yi a ƙofar gidanta yana karɓar gaisuwa, duk wanda ya tambaya shi ke amsawa, zuciya ce, lokaci ne ya yi.

"Kai kuma ka zauna a tabarmata."

"Ina da 'ya'ya biyar, Inna."

Ya jira ko za ta ce wani abu. Ya sauke gilashin a fuskarsa, ya kunna wutar. Ta ja takardar jikinta kar tartsatsi ya taɓa ta, ta ci gaba da tsayuwa a wurin.